Garin karkashi na fakiti: yauƙinsa ya kai kuɗinsa?

A da in ana son garin karkashi sai a je layin masu kuka da busasshiyar kuɓewa a auno a gwangwani. Yanzu ga shi a kantocin unguwa cikin leda mai zif, an manna masa takarda mai hoto, wasu kuma a WhatsApp da Instagram suke tallarsa su aiko har gida. Galibi ƙananan masu sana'a ne ke ƙulla shi, giram 100 ko 200 ko 250. Ga uwargidan da ke sauri, da wanda ke zaune Legas ko Kumasi ko Jidda inda ɗanyen ganye ke wuyar samu, fakitin yana biyan buƙata. Sai dai ledar ba ta ƙara wa garin komai. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne yauƙi da tsabta, kuma su biyun tun a gona da wurin shanya ake samunsu ko a rasa su. Fakitin da ke kasuwa a yau akwai na kirki ƙwarai, akwai kuma wanda ko kyauta aka ba mutum asarar cefanensa zai ja masa.

Ba a gane dalilin wannan bambanci sai an san tsiron. Karkashi, wanda a Nijar aka fi kira yoɗo, ɗan gidan su riɗi ne. Ganin furensa kaɗai ya isa shaida: bututu ne mai leɓe, ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi mai haske, da zane-zane masu duhu a leɓen ƙasa, kamar na riɗi sak. Masanin tsirrai Endlicher na ƙasar Ostiriya ne ya rubuta shi da sunan Ceratotheca sesamoides a 1832, a 2018 kuma wasu masana suka mayar da shi cikin jinsin riɗi da sunan Sesamum sesamoides, don haka kowanne aka gani a jikin takardar fakiti abu ɗaya ake nufi. Tsiro ne na shekara guda. Yana fitowa da faɗuwar damina a jigawa, a saura, a gefen hanya da tsakanin kunyoyin gero, tun daga Senegal har Sudan da Tanzaniya, ya gangara kudu zuwa Zimbabuwe da Botsuwana. Ba ya son laka mai riƙe ruwa, kuma yana jure fari fiye da yawancin ganyayen miya. A wuri mai dausayi yakan ɗan miƙe, amma a rairayi yaɗo yake yi: rassa goma ko fiye su fito daga gindi ɗaya su kwanta a ƙasa ta ko'ina. Ganyen ƙanana ne, masu faɗi a gindi da tsini a kai, da 'yan haƙora a gefe. In aka juya bayansa za a ga fari-fari kamar an barbaɗa toka. Wannan farin ƙananan ƙwayoyi ne da ke fashewa su saki yauƙi da zarar ruwa ya taɓa su, kuma su ne dukiyar ganyen.

Daga wannan kwanciyar ne babbar matsalar garin fakiti ta samo asali, wato yashi. Duk ruwan saman da ya sauka yana fantsama rairayi a jikin ganyen, ganyen kuma mai gashi ne, yana riƙewa. Ba a iya cuɗa shi a ruwa kamar alayyahu, don da an murza zai saki yauƙinsa a ruwan wankin a zubar da abin da ake nema. Mai sana'ar da ta san aikinta tana tsinko kan rassa da ganye masu taushi da hannu, ta ɗauraye su sau ɗaya da sauri ba tare da murzawa ba, ko ta shanya tukuna, in ya bushe ta kakkaɓe a rariya mai manyan ido, ta sheƙe, sannan ta daka. Mai gaggawa kuwa tuge tsiron take yi da saiwarsa, ta baza a ƙasa, ya bushe da karansa da kwansonsa da ƙasarsa, a kai inji gaba ɗaya. Da zarar an niƙa yashi tare da ganye magana ta ƙare. Rariya ba ta raba su don girmansu ya zama ɗaya, a tukunya kuma yauƙin yana rataye yashin ya hana shi kwanciya a ƙasa, sai dai a ji shi garas-garas a haƙori tun daga lomar farko.

Shi ya sa kafin a zuba sabon fakiti a miya a yi masa gwaji biyu, ba sa cin lokaci. Na yashi: a zuba ƙaramin cokali ɗaya a kofin gilashi cike da ruwa, a juya sosai, a bar shi minti 15. Da yake ruwan ya yi yawa yauƙin ba ya da ƙarfin riƙe komai, yashin zai sauka. A tsiyaye saman a hankali a shafa gindin kofin da yatsa. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ba abin tashin hankali ba ne ga ganyen da ya tashi a rairayi, amma in ya shimfiɗu a gindin kofi har ana ganinsa ta waje, a mayar wa mai shi. Na yauƙi: ƙaramin cokali ɗaya a babban cokali huɗu na ruwan sanyi, minti 10, sannan a tsoma yatsa a ɗaga. Mai kyau zai biyo yatsan da zare mai tsawo kafin ya tsinke, kwaɓin kuma ya haɗe wuri guda yana santsi. Wanda ya tsufa ko aka cika masa kara zai zama kamar jiƙaƙƙiyar dusa, ruwa gefe gari gefe.

Kala ma tana magana. Karkashin da aka shanya a inuwa mai iska kore ne mai ɗan toka-toka. In ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja, ko dai an bar shi a tsakar rana kwana da kwanaki, ko an tara shi da danshi ya yi zafi a buhu, ko kuma ya kwana biyu a kanti. In kuma koren ya yi shar fiye da kima, a yi zargin gauraye, don akan ci karo da wanda aka ƙara wa kuka ko lalo don ya yi auki. Ba guba ba ne, duka abin miya ne, amma kuka kauri take bayarwa ba dogon zare ba, kuma ƙanshinta daban ne. Wadda ta saba kaɗa su biyun za ta gane tun daga buɗe leda. Fararen tsinke-tsinke a cikin gari kara ne, baƙaƙen ɗigo kuma 'ya'ya ne da kwanso, alamar an yi girbin bayan tsiron ya tsufa. 'Ya'yan suna da mai irin na riɗi kuma ana cinsu, sai dai a cikin gari suna sa shi saurin canja wari.

Akwai wani ruɗani da masu fakiti ba sa warwarewa. Tsiro fiye da ɗaya ake sayarwa da sunan karkashi. Ban da mai yaɗon akwai mai tsayuwa, Sesamum radiatum, wanda ke wuce mita guda kuma ake shuka shi a bayan gida da gefen gona. A gona rabewa ba wuya: kwanson mai yaɗo yana da 'yan ƙahoni biyu a kusurwoyin kansa, na mai tsayuwa kuma baki ɗaya ne kamar na riɗi. Mai tsayuwa ganyensa ya fi girma, ya fi sauƙin tsinka, bai cika ɗaukar yashi ba tunda yana sama, amma warinsa ya fi ƙarfi kuma ba kowa ke sonsa ba. Dukansu suna yauƙi, dukansu karkashi ne na gaskiya a bakin mutane, don haka ba ha'inci ba ne. Amma da masu ƙullawa za su riƙa rubuta wanne ne, da mai saye ya huta da canki-canki, musamman wadda ta sayi fakiti ɗaya ta ji daɗinsa ta koma ta samu wani abu daban a leda iri ɗaya.

Maganar takardar jikin ledar gajera ce, don yawanci ba ta faɗin abin da ake buƙata. Za a ga suna da lambar waya da jerin cututtukan da aka ce yana warkarwa, amma ba ranar da aka niƙa. Ranar niƙa ta fi ranar lalacewa amfani a nan, domin garin ba ya ruɓewa da wuri, ƙarfinsa ne ke raguwa a hankali. Sabon ganye yana shigowa daga Agusta zuwa Oktoba, hunturu ya taimaka wajen bushewa. Garin da aka saya a Mayu ko Yuni, in ba na lambun rani ba ne, na bara ne, kuma in tun kaka aka niƙa shi ya yi rauni. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, in akwai, tana nuna an yi wa kayan rajista, kuma hakan abu ne mai kyau, amma ba ta gaya wa mutum ko miyarsa za ta yi yauƙi. Leda mai haske da aka jera a bakin shago rana na dukanta ita ce mafi muni, gara mai duhu ko mai rufin azurfa, ko da hakan na nufin ba a ganin kalar sai an buɗe.

Lissafin kuɗi kuwa da tukunya ake yinsa, ba da nauyi ba. Babban cokali ɗaya na garin yana kai wajen giram 6, ke nan fakitin giram 100 cokali 16 ne ko kusa da haka. Mai ƙarfi cokali huɗu ya ishi miyar mutum shida, fakitin ya yi tukunya huɗu. Mai rauni sai an zuba bakwai ko takwas, fakitin ya tsaya a tukunya biyu, kuma miyar ta yi duhu da bauri saboda yawan gari. Don haka fakitin da ya fi araha da kashi ɗaya cikin uku zai iya zama shi ne mai tsadar. Idan aka kwatanta da na gwangwani a kasuwa, irin wanda ake samu a Kasuwar Rimi ta Kano ko Kasuwar Dole ta Damagaram, fakiti ya fi tsada, kuma abin da ake saye da ƙarin kuɗin shi ne kariya daga ƙura da ƙudaje da hannuwan masu taɓawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a kasuwa mutum na iya ɗiban ɗan kaɗan ya sa tsakanin haƙoransa ya ji ko da yashi kafin ya biya, abin da leda a liƙe ba ta bari.

A wajen girki, yawancin ƙorafin da ake yi wa garin fakiti rabinsa laifin hannu ne, don niƙan inji ya fi dakan turmi laushi kuma halinsa a tukunya daban ne. Ga yadda yake fita daidai ga mutum shida. A dafa nama ko busasshen kifi har ya yi laushi, a bar romo kamar lita ɗaya da rabi. A sa daddawa da aka daka da barkono ko attarugu, gishiri da ɗanɗano, a bar su su nuna sosai, minti 15 zuwa 20, har gafin daddawar ya fita. Masu yin ta irin ta Barno sukan sa ɗan ɓarzajjen wake tun farko ya dahu ya narke, yana ba miyar jiki. Sai kanwa: gutsure kamar ƙwayar wake biyu, a jiƙa a ɗan ruwa, a tsiyaye ruwan saman a zuba, a bar laka da tsakuwar a kofi. A tsame naman a ajiye gefe don maburgi ya samu wurin juyawa. A rage wuta har tafasar ta kwanta. Sannan a riƙa barbaɗa garin da hannu ɗaya kaɗan-kaɗan ana burgawa da ɗayan ba tsayawa. In an gama a bar shi minti uku zuwa biyar a buɗe, a mayar da naman, a sauke. Man shanu a kwano ake zuba shi, a kan miyar.

Abubuwan da ke ɓata ta sanannu ne, kuma kowanne da dalilinsa. Gudaji yana zuwa ne in aka juye garin a dunƙule: na waje ya sha ruwa ya yi yauƙi nan take ya rufe na ciki, ya zama ƙulli mai busasshen gari a tsakiya wanda ko an shekara ana burgawa ba zai fashe ba. Gari mai laushi sosai ya fi yin haka, shi ya sa wanda aka bar masa ɗan tsakitsaki ya fi daɗin aiki. In fakitin da aka samu mai laushin hoda ne, a zuba shi ta ƙaramar rariyar shayi ana kaɗawa a kan tukunyar. Tsinkewa kuma yawanci daga abu uku ne. Na farko daɗewa a wuta, don zafi mai tsawo yana karya yauƙin. Rufe tukunya bayan an kaɗa yana ƙara zafin, ga tururi na komawa ciki, ga miyar na kumfa ta zube. Na biyu tsami: tumatir mai yawa, ko tsamiya, ko lemun tsami, suna kashe yauƙin su kuma dusashe koren. Na uku zuba mai da yawa kafin garin, don man yana lulluɓe shi ya hana ruwa shiga. Albasa kuwa ra'ayi ya rabu a kanta. Da yawa cikin iyayenmu mata ba sa yarda ta kusanci miyar yauƙi, wasu kuma suna daka 'yar kaɗan da daddawa ta dahu tun farko ba tare da wata illa ba. Ɗanya da aka yanka a ƙarshe dai a guje ta.

Kanwa ita ce ake yawan wuce gona da iri da ita, musamman in an ga garin ba ya ja sai a ƙara ta da fatan ta gyara. Kaɗan tana tausasa ganyen, ta riƙe masa kore, ta taimaka wa yauƙi. In ta yi yawa miyar na komawa ruwan ƙasa, ta yi ɗanɗanon sabulu, ta kuma iya ɓata ciki. Garin da ya mutu kanwa ba ta tashinsa. Abin da ke ɗan ceto shi shi ne a haɗa da garin busasshiyar kuɓewa, cokali ɗaya ga kowane uku na karkashi, amma wannan wata miyar ce daban. Ɗumame ma yana rage yauƙi, don haka a kaɗa daidai wanda za a cinye, ragowar romon a ajiye shi ba gari, gobe a kaɗa sabo. Da tuwon dawa ko na gero ko na masara ta fi tafiya, da burabusko kuma ga mutanen gabas.

Wasu fakitin an rubuta musu cewa na gashi ne ma. Gaskiya ne ana wanke kai da karkashi tun da daɗewa, kuma ganyen da matan Chadi ke amfani da shi, wanda yanzu ake sayarwa har Turai da Amurka da sunan ambunu da tsada mai yawa, shi ne dai wannan tsiron. Amma a nan garin bai kai ganye ba ko kusa. Ganye cikin tafin hannu ɗaya a lita guda ta ruwan zafi, ba mai tafasa ba, minti 20, a murza, a tace, an samu ruwa mai santsi da ke warware gashi ba tare da fizga ba. Gari kuwa yana bin ta cikin rariya ya maƙale a gashi, sai a yi ta ɗauraya ana tsefe ɗigo-ɗigon kore. Wadda gari kaɗai gare ta ta ƙulle shi a ƙyalle mai laushi ta jiƙa, ta matse. Jiƙon ba ya ajiyuwa, kwana ɗaya a zafi ya yi tsami, a firij ma kada ya wuce kwana biyu ko uku. Sauran iƙirarin magani da ake jerawa a takarda a ɗauke su a matsayin talla. A gargajiyance an san ana amfani da yauƙinsa a kan fata da wajen taimaka wa dabba mai naƙuda, amma garin da ya bi ta injin unguwa, mai yiwuwa bayan niƙan barkono, ba abin ɗigawa a ido ba ne ko sawa a ciwo a buɗe.

Bayan an buɗe leda, zif ɗin ba abin dogaro ba ne, don gari na shiga layinsa ya hana shi kamawa. A juye a kwalba ko roba mai murfin murɗawa, busasshiya ƙarau, a ajiye nesa da murhu da taga. Garin yana jan laima daga iska, da damina musamman, kuma alamar farko ita ce dunƙulewa. In ya dunƙule amma ba wari, a baza a faranti a inuwa ya sha iska a sake tankaɗewa. In ya fara warin fumfuna a zubar. Jiƙaƙƙen cokali sau ɗaya ya isa ya lalata kwalba guda. Kada a sayi fiye da na wata biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Wanda ke da turmi da ɗan lokaci, busasshen ganye da ba a daka ba ya fi kowane fakiti. Ana ganin kalarsa, ana ganin yawan karansa, ba a iya ɓoye kuka a cikinsa, kuma yana riƙe ƙarfinsa fiye da gari tunda iska ba ta ratsa shi ko'ina ba. A zuba shi a rariya mai manyan ido a girgiza yashin ya zube, a tsince kara da kwanso, a ɗan baza shi a rana na rabin sa'a kawai don ya yi ƙaras, a daka na mako biyu a tankaɗe, sauran a ɗaure a buhun da ba ya shan iska. Wasu masu fakitin sun fara ƙulla ganyen haka ba niƙa, kuma shi ya fi cancanta a nema a wurinsu. Mai shanya nasa kuma ya sani cewa kusan kashi huɗu cikin biyar na ɗanyen ganye ruwa ne, don haka kilo biyar ɗanye kilo ɗaya zai bari ko ƙasa da haka bayan an cire kara. A shimfiɗa shi siriri a kan tabarma ko buhu a ɗaga daga ƙasa, a inuwa, ana juyawa safe da yamma, kuma a kwashe shi kafin raɓar dare ta sauka.